Ty Cobb: Gwanin Besbol Da Ya Raba Hannuwansa A Kan Kulki

A cikin mutanen da suka yi suna a wasan besbol na ƙasar Amurka, da wuya a sami wanda aka fi ja-in-ja a kansa kamar Tyrus Raymond Cobb, wanda aka fi sani da Ty Cobb. Ya yi shekara 24 yana wasa a babban rukuni, daga 1905 zuwa 1928, ya kuma kafa tarihin da aka daɗe ba a kai gare shi ba. Abin da duk mai duban tsofaffin hotunansa zai fara lura da shi kuwa shi ne yadda yake riƙe kulkin bugu. Yawancin 'yan wasa sukan haɗe hannuwansu biyu a can gindin kulki, shi kuwa yakan bar 'yar tazara tsakanin hannun sama da na ƙasa. A kan wannan 'yar tazara ya gina sunansa, a kanta kuma ya tsaya har bayan da zamani ya juya wa irin wasansa baya.

YADDA WASAN YAKE

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin wasan. Besbol ɗan'uwan kurket ne. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. A filin akwai tasha huɗu da aka jera kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowace da ta gabanta mita 27 da 'yan kai. Ɗaya daga cikinsu ana kiranta gida, nan ne mai bugu ke tsayawa da kulkinsa. Mai jifa na abokan hamayya yakan tsaya a tsakiya, kimanin mita 18 da rabi daga gida, ya wurgo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa da dabararsa. Aikin mai bugu shi ne ya doki ƙwallon zuwa inda masu tsaron fili ba za su cafe shi a sama ba, sa'an nan ya sheƙa zuwa tasha ta farko kafin a jefa ƙwallon can. In ya isa lafiya, sai a rubuta masa bugun nasara ɗaya. Wanda ya kewaye tashoshin duka ya komo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya, wanda ya kuskure jifa mai kyau sau uku kuwa ya fita, sai na bayansa.

Wahalar aikin tana wajen ƙarancin lokaci. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 145 a awa yakan iso gida cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kulkin kuma, a inda ya fi kauri, bai wuce santimita 7 ba. Shi ya sa wanda ya yi nasara sau 300 cikin bugu 1,000 ake lissafta shi cikin gwanaye. Cobb ya gama rayuwarsa ta wasa da 366 cikin 1,000.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi Cobb ran 18 ga watan Disamba na shekarar 1886 a wani ƙauye da ake kira Narrows, cikin Jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, ya kuma girma a garin Royston. Mahaifinsa, William Herschel Cobb, malamin makaranta ne mai faɗa a ji, wanda ya riƙe jaridar garin, ya kuma zama ɗan majalisar dattawan jihar. Burinsa shi ne ɗansa na fari ya zama likita ko lauya ko hafsan soja, domin a wancan zamani manyan mutane suna ɗaukar cin abinci da wasan ƙwallo a matsayin shashanci. Yaron kuwa hankalinsa na can fili. Tun yana ƙarami yake wasa da waɗanda suka girme shi, da kulkin da ya fi ƙarfinsa, ana kuma jin a nan ne ya fara matsar da hannu ɗaya sama don ya iya da nauyin icen.

A shekarar 1904, yana da shekara 17, ya tafi gwaji a wata ƙaramar ƙungiya da ke garin Augusta, amma bayan wasa biyu kacal aka sallame shi. Maimakon ya koma gida, sai ya nemi izinin mahaifinsa ya wuce garin Anniston na Jihar Alabama. Uban ya yarda, tare da gargaɗin kada ya dawo masa da kunya. A can ne Cobb ya riƙa rubuta wasiƙu da sunaye iri-iri zuwa ga marubucin wasanni Grantland Rice na wata jaridar birnin Atlanta, yana yabon wani yaro wai shi Cobb, har marubucin ya buga labarinsa. Ba da jimawa ba ƙungiyar Augusta ta sake kiransa. A 1905 ya faɗa hannun wani tsohon ɗan wasa, George Leidy, wanda ya nuna masa cewa baiwa ba ta isa sai da horo, ya kuma sa shi maimaita bugu zuwa wuraren da aka zaɓa har hannunsa ya faɗa.

Ana cikin haka ne babban bala'i ya auka wa gidansu. A daren 8 ga watan Agusta na 1905 mahaifinsa, wanda aka ɗauka ya yi tafiya, ya komo gida cikin duhu ya tsaya bayan tagar ɗakin kwana. Mahaifiyar Cobb ta harbe shi, ya mutu. Ta shaida wa hukuma cewa ta zaci ɓarawo ne, kotu kuma ta wanke ta a watan Maris na 1906. Ba da jimawa ba bayan mutuwar, ƙungiyar Tigers ta birnin Ditroit ta sayi Cobb a kan kuɗin da bai kai dala 1,000 ba. Ran 30 ga watan Agusta ya yi wasansa na farko a babban rukuni, ya kuma yi nasara a bugunsa na fari a kan shahararren mai jifa Jack Chesbro na Niyok. Uban da yake so ya burge bai ga wannan rana ba, abin da ya ci masa rai har tsufansa. Daɗin daɗawa, tsofaffin 'yan ƙungiyar suka tarbe shi da tsangwama, suna karya masa kulake, suna ƙin cin abinci tare da shi. Yaro mai shekara 18 da ke cikin makoki ya ɗauki wannan da zafi, daga nan ya riƙa kallon kowa a fili kamar abokin gaba.

HIKIMAR RIƘONSA

Cobb da dama yake jifa, amma ta ɓangaren hagu yake tsayawa in zai yi bugu. Ga mai irin wannan tsayuwa, hannun dama ne ke ƙasa, kusa da gindin kulki, na hagu kuma a samansa, kowane da aikinsa. Hannun ƙasa shi ke jan kulki ya biyo hanyar ƙwallo, na sama kuwa shi ke saita kan kulkin, ya kai shi daidai inda ake so. Tsayuwar hagu tana da wata riba kuma, domin mai ita ya fi kusa da tasha ta farko da taku ɗaya ko biyu, ga shi kuwa Cobb mai gudu ne ƙwarai.

Riƙonsa ya bambanta da na jama'a ta fuska biyu. Da fari, ba ya kama kulki a can ƙarshe, yakan bar ɗan ice a ƙasan hannunsa. Na biyu, yakan bar fili kamar faɗin yatsu biyu ko uku tsakanin hannuwan. Duk wanda ya taɓa yin faskare ya san amfanin wannan. Mai gatari in yana son ya sari wuri guda daidai, yakan matsar da hannu ɗaya wajen kai, domin haka gatarin ya fi sauƙin ɗagawa da juyawa. In kuwa sara mai zurfi yake nema, sai ya zame da hannun zuwa ƙarshen ƙota, ya bar nauyin ƙarfen ya yi aiki. Kulkin besbol ma haka yake. Wanda ya kama shi a gindi zai sami tsawo da ƙarfi, amma da zarar ya fara kaɗa shi da wuya ya sake masa hanya. Wanda ya matso da hannu ya kuma raba su ya rage wa kansa ƙarfi, amma kulkin zai tashi da wuri, ya kuma bi umurninsa har zuwa ƙiftawar ido ta ƙarshe. Kulaken wancan zamani masu kaurin mariƙi ne, nauyinsu yakan zarce kilo ɗaya, saboda haka bambancin ba kaɗan ba ne.

Da wannan riƙo Cobb yakan jira ƙwallo ya matso kafin ya yanke shawara. In ya ga mai tsaron tasha ta uku ya ja da baya, sai ya zame hannun sama gaba, ya dangwali ƙwallon a hankali ya gangara, kafin a ɗauka shi ya yi nisa. In masu tsaro suka matso don tare wannan, sai ya tsikare shi ya wuce ta bisa kawunansu. In jifan ya zo nesa da jikinsa ya tura shi hagu, in ya zo kusa ya sauko da hannun sama wajen na ƙasa ya fizgo shi dama da ƙarfi. Tun da yake riƙon ɗaya ne a farkon kowane jifa, masu tsaro ba su da hanyar gane abin da ya ƙudura.

Wannan dabara ta dace da lokacinta, wanda Amurkawa ke kira zamanin mataccen ƙwallo. A lokacin akan yi amfani da ƙwallo ɗaya har ya yi laushi ya yi baƙi, masu jifa kuma suna da damar shafa masa yawu ko ruwan taba, ko su karce shi don ya riƙa karkacewa a iska. Irin wannan ƙwallo ba ya nisa ko an doke shi da ƙarfi, filayen kuma masu faɗi ne. Maki sai an tara shi tasha bayan tasha, ta hanyar ƙananan bugu da gudu da wayo. Cobb ya shirya kansa don haka. Yakan kaɗa kulki uku a haɗe kafin ya shiga bugu, don guda ɗaya ya zame masa mara nauyi. Yakan sa dalma cikin takalmansa lokacin horo don ƙafafunsa su yi ƙarfi. Yakan kuma nazarci halin kowane mai jifa. Da ya gane cewa Walter Johnson na Washinton, wanda ya fi kowa saurin jifa a zamanin, yana tsoron ya ji wa mutum ciwo, sai ya riƙa matsowa daf da hanyar ƙwallon, har Johnson ya kauce da jifansa, daga bisani ya rasa yadda zai yi sai ya jefo mai sauƙin bugu.

SHEKARUN GANIYA

A 1907, yana da shekara 20, Cobb ya fi kowa bugu a rukunin American League da 350 cikin 1,000. Ƙungiyarsa ta ci gasar rukunin a 1907 da 1908 da 1909, amma duk sau ukun ta sha kaye a gasar ƙarshe ta ƙasa, sau biyu a hannun Shikago, sau ɗaya a hannun Pittsburgh. Bai sake kaiwa wannan mataki ba har ya bar wasa. A 1909 ya yi bugun zagaye tara, watau bugun da ke ba mutum damar kewaye tashoshin duka a tashi ɗaya, ya kuma fi kowa a rukunin da wannan adadi. Ko ɗaya daga cikinsu bai tsallake shingen fili ba, da gudu ya kewaye duka. A 1911 ya yi bugun nasara 248, ya jera wasa 40 ba wanda ya fita hannu wofi, ya kuma haura 400 cikin 1,000, abin da ya maimaita a 1912 da 1922. A 1915 ya saci tasha 96, watau ya sheƙa zuwa tasha ta gaba tun mai jifa na cikin jifa. Sai a 1962 Maury Wills ya wuce wannan adadi.

A 1910 wani kamfanin motoci mai suna Chalmers ya yi alkawarin ba da mota ga wanda ya fi kowa bugu. Takara ta yi zafi tsakanin Cobb da Napoleon Lajoie na Cleveland. A ranar ƙarshe ƙungiyar St. Louis, saboda ƙin jinin Cobb, ta janye mai tsaronta baya, Lajoie ya yi ta dangwalar ƙwallo har ya sami nasara takwas a wasa biyu. Hukumar rukunin ta ce duk da haka Cobb ne kan gaba, kamfanin kuwa ya ba kowannensu mota. A 1981 aka bayyana cewa an lissafta wa Cobb wani wasa na shekarar sau biyu bisa kuskure. Wannan ne ya sa wasu littattafai ke ba shi kambin bugu 12 da bugun nasara 4,191, wasu kuma kambi 11 da bugu 4,189.

ZAFIN ZUCIYA

Hannun da ya iya sarrafa kulki haka bai iya tsare shi ba in ransa ya ɓaci. A fili yakan zame cikin tasha da takalmansa masu ƙusoshi a gaba, yana ganin hanyar gudu hakkinsa ce, wanda ya tare ta ya kuka da kansa. A waje kuma ya sha shiga rigima. A 1908 kotu ta same shi da laifin dukan wani lebura baƙar fata a Ditroit, a 1909 kuma aka ci shi tara saboda faɗa da mai gadin wani otal a Cleveland.

Mafi muni shi ne abin da ya faru ran 15 ga watan Mayu na 1912 a Niyok. Wani ɗan kallo ya yi ta zaginsa tun farkon wasa, sai Cobb ya haura cikin jama'a ya lakaɗa masa duka, alhali mutumin ya rasa hannu ɗaya da yatsu uku na ɗaya hannun a haɗarin aiki. Shugaban rukunin, Ban Johnson, ya dakatar da shi. Abokan wasansa, duk da ba sa shiri da shi, suka ƙi fita fili, suna cewa hukuma ba ta kare 'yan wasa daga cin mutuncin 'yan kallo. Ran 18 ga wata ƙungiyar ta tattaro ɗalibai da 'yan unguwa a Filadelfiya suka sa rigunanta, aka lallasa su da ci 24 da 2. Cobb da kansa ya roƙi 'yan'uwansa suka koma, aka mai da hukuncinsa kwana 10 da tarar dala 50.

ZAMANI YA JUYA

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda Cobb ya yi ɗan gajeren aikin soja a cikinsa a Faransa a 1918 da muƙamin kyaftin, wasan ya sake kama. A 1920 aka fara hana shafa wa ƙwallo yawu. A watan Agusta na shekarar kuma ƙwallo ya sami wani ɗan wasan Cleveland a ka ya mutu, daga nan alƙalan wasa suka riƙa sake ƙwallo da zarar ya yi datti. Farin ƙwallo mai tauri ya fi sauƙin gani, ya kuma fi nisa. A daidai lokacin ne Babe Ruth ya koma ƙungiyar Yankees ta Niyok. Ruth yakan haɗe hannuwansa a can gindin kulki, ya murɗa jikinsa duka, ya kaɗa kulkin daga ƙasa zuwa sama don ya cilla ƙwallo bayan shinge, bai damu da yawan kuskure ba. A 1920 ya yi bugun zagaye 54, fiye da na kowace ƙungiya ɗungurungum a rukunin in ban da tasa. A 1921 ya yi 59, a 1927 kuma 60. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallonsa, yara kuma suka sauko da hannuwansu gindin kulki.

Alƙaluma sun nuna abin da kowane riƙo ke saye da abin da yake biya. Ruth ya bar wasa da bugun zagaye 714, Cobb da 117. Amma an fid da Ruth ta hanyar kuskure uku har sau 1,330, Cobb kuwa bai kai sau 700 ba, ko da yake ya shiga bugu fiye da sau 11,400, watau ya ɗara Ruth da kusan 3,000. Cobb yana ganin sabon salon ya kashe hikimar wasan, bai kuwa ɓoye wannan ra'ayi ba. Ran 5 ga watan Mayu na 1925 a St. Louis, yana da shekara 38, ya shiga bugu sau shida ya yi nasara duka, uku daga ciki bugun zagaye. Kashegari ya ƙara biyu. Ana ba da labarin cewa da gangan ya yi, don ya nuna ba kasawa ce ta hana shi ba. Bayan haka ya koma salonsa na da.

Daga 1921 zuwa 1926 ya haɗa wasa da shugabancin ƙungiyar Tigers. Bai ci gasa ba, matsayi na biyu a 1923 shi ne iyakar abin da ya kai, amma ya nuna shi malamin bugu ne na gaske. Harry Heilmann, wanda ya yi 309 cikin 1,000 a 1920, ya tashi zuwa 394 a 1921 a ƙarƙashinsa, har ya ƙwace kambin shekarar daga hannun malaminsa. A ƙarshen 1926 wani tsohon mai jifa ya zarge shi, tare da Tris Speaker, da haɗa baki don sayar da wani wasa na 1919. Babban kwamishinan wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya wanke su a watan Janairu na 1927. Cobb ya ƙarasa shekara biyu a ƙungiyar Athletics ta Filadelfiya, ya ajiye kulki a 1928 yana da shekara 41, bayan ya jera shekara 23 bai sauka ƙasa da 300 ba. A 1936, da aka kaɗa ƙuri'ar farko ta zaɓen waɗanda za a sa cikin zauren tunawa da gwanayen wasan, ya sami 222 daga cikin 226, ya ɗara Ruth.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA DAGA BAYA

Cobb bai daina koyarwa ba. A 1938 ya rubuta wa wani sabon ɗan wasa, Sam Chapman, wasiƙa yana ba shi shawarar ya bar inci ɗaya ko biyu a ƙasan hannunsa, ya bar fili tsakanin hannuwan don kada ɗaya ya hana ɗaya aiki, ya nisanta damatsansa da jiki, ya kuma nemi saduwa da ƙwallo sosai maimakon dukansa da dukan ƙarfi. Ted Williams na Boston, wanda ya yi 406 cikin 1,000 a 1941, ya girmama Cobb amma ya saɓa masa. A littafinsa na koyar da bugu da ya fito a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa ƙarfin bugu daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa, ƙugu ne ke fara juyawa, hannuwa su biyo baya. Wannan ita ce koyarwar da ta fi rinjaye a yau. Akan koya wa yaro ya riƙe kulki da yatsu ba tare da matsewa ba, ya ajiye hannuwansa kusa da jiki sa'ad da yake juyawa, a lokacin haɗuwa da ƙwallo tafin hannun sama ya dubi sama, na ƙasa ya dubi ƙasa, wuyan hannu kuma kada ya kife sai ƙwallon ya tafi.

Masana kimiyya sun ƙara wani haske. Kulki da ƙwallo ba sa haɗuwa fiye da kimanin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Alan Nathan na Jami'ar Illinois ya bayyana cewa kafin girgizar bugu ta gangara zuwa mariƙi ta komo, ƙwallon ya riga ya tashi, saboda haka matse kulki a wannan lokaci ba ya ƙara kome. An ga shaidar haka a watan Mayu na 2012, sa'ad da kulki ya suɓuce wa Todd Frazier na Cincinnati daidai lokacin bugu, duk da haka ƙwallon ya tsallake shinge. Ma'anar wannan ita ce aikin hannuwa duka yana ƙarewa kafin haɗuwar. Su ne ke isar da ƙarfin jiki zuwa kulki, su kai kansa wurin da ya dace a lokacin da ya dace. Williams ya yi gaskiya game da tushen ƙarfi, Cobb kuma ya yi gaskiya da ya ɗauki hannu a matsayin linzami.

ƘARSHEN RAYUWARSA DA SUNAN DA YA BARI

Cobb ya bar wasa da dukiya mai yawa, domin tun da wuri ya sayi hannun jari a kamfanonin Coca-Cola da General Motors. Gidansa dai bai zauna lafiya ba. Aurensa biyu sun mutu, 'ya'yansa maza biyu kuma sun riga shi mutuwa, a 1951 da 1952. Ya ba da dala 100,000 aka gina asibiti a Royston don tunawa da iyayensa, aka buɗe shi a 1950. A 1953 ya kafa gidauniyar biya wa ɗaliban Jojiya marasa ƙarfi kuɗin karatun jami'a, ya kuma bar mata kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa. Ya mutu ran 17 ga watan Yuli na 1961 a wani asibiti a Atlanta, bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 74. An binne shi a Royston.

Bayan mutuwarsa, Al Stump, wanda ya taya shi rubuta tarihin rayuwarsa, ya wallafa labarai da littafi da suka nuna shi a matsayin azzalumi mai kisan kai, a 1994 kuma aka yi fim da su. A 2010 wani bincike ya nuna cewa Stump ya ƙirƙiri wasiƙu da takardu da sunan Cobb yana sayarwa, a 2015 kuma Charles Leerhsen ya fid da sabon tarihi da ya rushe da yawa daga cikin labaran. Wannan bai share laifuffukan da kotu da jaridun zamaninsa suka tabbatar ba. Ya dai fito da wasu abubuwa da aka binne, kamar goyon bayan da ya bayar a fili a 1952 ga shigar baƙar fata cikin wasan, da yabon da ya riƙa yi wa Willie Mays.

Tarihin da ya kafa ma ya faɗi ɗaya bayan ɗaya. Pete Rose ya wuce shi a yawan bugun nasara a 1985, Rickey Henderson a yawan maki a 2001. A duk shekarun wasansa an hana baƙar fata shiga babban rukuni, sai a 1947 aka buɗe ƙofa. A watan Mayu na 2024 hukumar wasan ta haɗa alƙaluman rukunonin baƙar fata na da cikin lissafinta, Josh Gibson ya hau kan gaba da 372 cikin 1,000, Cobb ya koma na biyu.

Da wuya a ga mai raba hannuwa a babban rukunin besbol yanzu, amma dabarar tana raye a sofbol, ƙanin besbol da aka ƙago a Shikago a 1887, wanda ya shiga wasannin Olamfik a 1996 a jihar haihuwar Cobb. A gasar mata, mai jifa tana tsayawa mita 13 kawai daga gida, tsakanin tashoshi kuma mita 18 ne, saboda haka lokaci ya fi ƙaranci. Masu saurin gudu a cikinsu sukan tsaya ta hagu, su matso da hannu sama, su fara gudu tun ƙwallo bai iso ba, su dangwale shi ko su mare shi zuwa inda babu mai tsaro, kamar yadda ɗan Royston ya riƙa yi fiye da shekara 100 da suka wuce. Gidauniyarsa kuma tana nan tana biya wa 'ya'yan Jojiya kuɗin makaranta kowace shekara.